Kafin ruwa ya iso: muhawarar zauren garinmu kan jinga, waya da sakatariya

Malam Hedimasta (admin): Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa na gida da na waje, barkanmu da war haka. Ina roƙon a dakata da tura talla da bidiyon siyasa na yau, akwai magana. Wani jami'i daga sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu ya same ni, kuma na saka shi a zauren nan da yardarsa. Sashen nasu na son kafin marka ta kankama a san duk inda jingarmu mai tare ruwan kogi ta yi rauni, tun daga bayan maƙabarta har mashayar shanu. Injiniya ɗan gidan Liman kuma ya ba da shawarar a yi aikin da waya yadda kowa zai gani, kada ya tsaya a takardar da za a jefa durowa. Na ce musu gari na da masu shi. Injiniya, bismillah, yi wa iyayenka bayani da Hausar da kowa zai gane.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Na gode Baba Malam, ina gaida iyayena da yayyena. Abin ba shi da wuya. Akwai wata manhaja, KoboCollect, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu sabis. Mutum zai tsaya a kan jinga daidai inda ya ga ta zaizaye ko tana tsatsafo, ya ɗauki hoto, wayar da kanta ta ɗauko inda yake tsaye, ya amsa tambaya uku ko huɗu da Hausa. Idan ya dawo inda ake samun sabis sai ya tura. Duk abin da aka tura zai fito a taswira ɗaya, mu muna gani, sakatariya ma tana gani. Sannan ina so mu kafa turken ƙarfe a bakin kogi, mu yi masa fenti kore daga ƙasa, ɗorawa a tsakiya, ja a sama. Kullum safe da yamma a ɗauki hotonsa a turo. Ba mu muka fara irin wannan ba. A Kenya a 2008 matasa sun ƙirƙiro Ushahidi, mutane na tura saƙon tes daga inda suke, ana ɗora shi a taswira. Su rikicin zaɓe ne ya sa su, mu ruwa ne.

Ɗan Fadama: Injiniya, ba na raina ƙoƙarinka, amma ina da tambaya ɗaya tak. A 2022 hoto ne ya yi ƙaranci? Wallahi babu wanda bai ga hotunanmu ba. Gonar shinkafar mahaifina ta fara fitar da kai ruwa ya shanye ta, mun kwana a ajin firamare da awakinmu. Mun tura hoto, mun yi bidiyo, mun buga waya har kati ya ƙare. Buhunan yashi sun zo bayan ruwa ya riga ya shiga gari. Yanzu an ce mu sake ɗaukar hoto, kawai an canza masa wurin ajiya. Wa zai duba taswirar, kuma idan ya duba bai motsa ba me za mu yi masa?

Maman Khadija: Wannan tambayar tana kan hanya. A amsa ta kafin a wuce.

Jami'in Sashen Ayyuka: Assalamu alaikum. Ina godiya da aka karɓe ni. Ƙanena Ɗan Fadama, ina yi muku jaje, kuma ba zan ce maka ba ka da gaskiya ba. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga cikin ofis. A 2022 ba mu kaɗai ba ne. Ringim, Kafin Hausa, Auyo, Miga, Guri, Kiri Kasamma, ko'ina kuka ake, kuma a faɗin ƙasa sama da mutum 600 aka rasa a ambaliyar shekarar. A rana ɗaya sai waya ta yi ta ƙara daga ƙauyuka daban-daban, kowa na cewa nasa ya fi tsanani. Hoton da ke yawo a Facebook ba ya faɗa mini wane wuri ne, ko na yau ne ko na bara. Tifa kuma ba ta da yawa. To wa za ka fara kai wa? Sau da yawa wanda ya fi kusa da babban mutum shi ke fara samu, saboda mu ma'aikata ba mu da wata hujja a hannu da za mu ce ranka ya daɗe, can ya fi gaggawa. Idan ina da taswira tun watan Yuni mai nuna wurare da hoto da rana, zan rubuta takarda in haɗa da ita, in kai gaban ciyaman tun ƙasa na bushe. Gyaran jinga a bushe da na cikin ruwa ba kuɗinsu ɗaya ba.

Ɗan Fadama: Yaya, na ji. Amma ka yi mana alkawarin buhuna nawa?

Jami'in Sashen Ayyuka: Ba zan yi alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ba ni ke sa hannu a kuɗi ba. Abin da ke hannuna shi ne in je in duba, in rubuta, in kuma dawo in faɗa muku inda takardar ta tsaya.

Malam Hedimasta (admin): A riƙe wannan kalma ta ƙarshe, za mu dawo kanta. Baba Sarkin Ruwa ya turo saƙon murya, jikansa ya rubuta mana don masu ƙarancin data.

Baba Sarkin Ruwa (jikansa ya rubuta): Ina gaida Malam, ina gaida kowa. Yaro ya ce a kafa turke, to madalla, amma kada a kafa shi a mashaya, shanu za su tumɓuke shi, kuma ruwan wurin kwance yake, ba ya faɗin gaskiya. A kafa shi jikin gindin tsamiyar da muke ɗaure jirage. Sannan ku sani, kafin ruwa ya taɓa fentinku mu mun san yana tafe. Launinsa ke fara juyawa ya yi ja, kumfa ta taru a gefe, sai ka ga karan kachalla da itatuwa da ba na yankinmu ba suna wucewa. Game da jinga kuma, masu ɗaukar hoto su bar kallon samanta, su sauka bayanta ta wajen gari. Idan ka ga ruwa na tsatsafowa garai-garai, a sa ido. Idan ka ga yana fitowa da laka, ko da kamar bakin buta ne, to cikin jingar yake ci, kada a kwana. Yawanci ramin gafiya ne ko gidan gara ko tsohuwar saiwa. Wurin da ya ɓalle mana a baya daga sama lafiyayye ne, har babur ake hawa a kai.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ita ce tambayar farko da za ta shiga fom ɗin: ruwan da ke fita garai ne ko da laka? Duk inda aka ce da laka, zai fito ja a taswira. Turke kuma gindin tsamiya, an gama.

Maman Khadija: To ni ga tawa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, gida-gida nake shiga. A zauren nan mata ba mu kai cikin cokali ba. Yawancin matan garin nan ƙaramar waya mai tocila gare su, wasu ma ta maigida ce, idan ya fita gona ko kasuwa ta fita da shi. Ranar da ruwa ya shigo, maza suna bakin jinga, mata ne a gida da yara da tsofaffi da hatsi, kuma su ne na ƙarshen jin labari. Na ga mai jego ta fito da jariri a ƙirji ruwa har gwiwa, ba ta san tun la'asar aka san jinga na yoyo ba. Taswirarku ba za ta shiga cikin gida ba. Idan turke ya kai ɗorawa, wa zai faɗa wa matar da ke tsakar gida ta fara ɗaure kaya?

Malam Liman: Hajiya ta yi gaskiya. Lasifikar masallacin Juma'a tana kaiwa har bayan gari, kuma muna da sola. Idan wanda aka amince da shi ya kira ni ya ce an kai ɗorawa ko ja, ladan zai yi shela ko da tsakar dare ne. Amma mutum ɗaya ko biyu za a ware, ba kowa ya kira ni ba.

Maman Khadija: Allah ya saka da alheri Malam. Mu kuma a kowace unguwa akwai unguwar zoma ko malamar Islamiyya da kowa ya sani. A ba ni dama in tsara su, kowacce da gidajen da za ta leƙa. Kuma tun yanzu a faɗa wa mutane ma'anar kowane launi. Ɗorawa: a ɗaga hatsi, a haɗa takardu da magani, a kai dabbobi tudu. Ja: a fita. Kada sai ranar a fara bayani.

Auta Mai Caji: Cajin wayar duk wanda aka ɗora wa ɗaukar hoton turke kyauta ne a shagona har ƙarshen damina.

Malamin Gona: Ina son in ƙara wani abu. Turkenmu zai faɗa mana abin da ya riga ya iso ƙofarmu. Ruwan nan kuwa daga nesa yake tahowa. Kogin Kano da ke fitowa daga dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974, da kogin Challawa mai dam tun 1992, su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim kafin ya gangaro mana. Mutumin da ke tsaye a gadar Wudil yana ganin ƙaruwar ruwa tun mu muna barci da daɗi. Muna da 'ya'yan garin nan da ke karatu da sana'a a Wudil, muna da surukai a Ringim. Me zai hana su ma su riƙa turo hoto daga wuri guda kullum? Sannan duk shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar nazarin ruwa ta NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Bayanin na nan, amma yawanci da Turanci yake, kuma a Abuja da Dutse yake tsayawa. Ni zan ɗauki nauyin fassara abin da ya shafe mu in yi saƙon murya.

Ɗalibi a Wudil: Kawu, ina bin gadar kullum. Zan riƙa ɗauka daga ƙafar gada ɗaya don a gane bambanci.

Injiniya: Madalla. Akwai kuma Flood Hub na Google, yana ba da hasashen cikar koguna har kwana bakwai gaba, kuma Najeriya na ciki. Zan riƙa dubawa, amma ba zan sa a yi shela da shi kaɗai ba sai idon Wudil da na Baba Sarkin Ruwa sun gaskata.

Malam Hedimasta (admin): Wannan ya kawo ni kan abin da ke damuna, wato jita-jita. Kun tuna lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri? A wancan makon saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyinmu cewa Tiga ma ya fashe. Tsofaffi suka kwana a zaune, wasu suka sayar da tumaki da asara. Idan muka buɗe ƙofar kowa ya tura gargaɗi, wata rana za a yi shelar ƙarya, kuma daga ranar babu mai sake tashi ko da ta gaskiya ce. Don haka ina goyon bayan Malam Liman. Rahoton jinga kowa ya tura, amma shelar tashi daga bakin mutum biyu kawai.

Na Ƙetare: Assalamu alaikum. Ni mahaifiyata 'yar garinku ce, shi ya sa nake zauren nan, amma gidana da gonata suna ƙetaren kogi. Tun ɗazu nake karantawa, kowa na cewa jingarmu, jingarmu. Ku yi mini afuwa iyayena, zan faɗi abin da ba a so. Duk shekarar da kuka ƙara wa jingarku tsayi, ruwan bai koma Kano ba, kanmu yake juyowa. Kachalla ta cushe hanyarsa, yashi ya cike cikin kogin, dole ya nemi gefen da ya fi ƙasa. Yanzu za ku samu taswira da hoto da injiniya da jami'i a zaurenku. Mu ba mu da ko ɗaya. Ciyaman zai ga jajayen ɗigo a gefenku, gefenmu fari fat kamar babu mutane. Tifa za ta zo muku, ruwa ya zo mana. Kun kuma san abin da ke faruwa idan dare ya yi mutane suka ga gidajensu za su tafi, kun san dalilin da ya sa matasa ke kwana da sanduna a kan jinga. Ba na son mu kai ga haka da 'yan'uwan mahaifiyata.

Ɗan Fadama: To mu bar garinmu ya nutse don kada ku ji haushi?

Na Ƙetare: Ban ce haka ba ɗan'uwa. Cewa na yi a sa mu a ciki.

Ɗan Fadama: Bara da aka kira gayya daga gefenku mutum nawa suka zo?

Malam Hedimasta (admin): Ɗan Fadama, dakata haka. Ɗan 'yar'uwarmu ne, kuma maganarsa ta fi duk abin da aka faɗa yau nauyi. Ba za mu buɗe tsohon ciwo a nan ba.

Baba Sarkin Ruwa (jikansa ya rubuta): Yaron ƙetare bai yi ƙarya ba. Ina cikin jirgi nake ganin gefe biyun. Lokacin ƙuruciyarmu, kafin dam, kogin nan yakan ƙafe da rani, rana ta ƙone ciyawar cikinsa, ruwan damina ya zo da ƙarfi ya share hanya. Yanzu ruwa ba ya yankewa, kachalla ta samu wurin zama. Akwai wata tsohuwar hanyar ruwa ƙasa da mu da ta toshe gaba ɗaya. Idan aka buɗe ta, mu da su duk za mu samu sauƙi fiye da ƙarin buhu dubu. A sa wannan a taswirar, ba ramin gafiya kaɗai ba.

Jami'in Sashen Ayyuka: Baba, wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Mu abin da tsarin mulki ya ɗora mana a jadawali na huɗu shi ne irin su hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kwalbati. Yashe kogi aikin jiha ne da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, su ke da injinan da ke shiga ruwa su kwashe kachalla. Amma buƙatar da ta fito daga ƙauyuka da dama na gefe biyu, da taswira, da sa hannun dagatai da hakimi, ta fi ta gari ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Game da maganar ƙetare kuma, gaskiya ni ma ba zan iya kai takardar gefe ɗaya ba. Su ma ƙarƙashinmu suke.

Injiniya: Fom ɗin ba shi da iyaka. Yaya Na Ƙetare, samo mana matasa biyu masu babbar waya, in koya musu tare da namu rana ɗaya. Turke ma a kafa biyu, ɗaya a kowane gefe, a daidaita su da tiyon ruwa irin na magina don launin ya zama ma'ana ɗaya.

Na Ƙetare: Zan je wurin dagacinmu da kaina gobe in sha Allah. Na gode Kawu Malam.

Honarabul Kansila: Assalamu alaikum jama'ata. Ina biye da ku tun farko. Ina goyon baya, amma in faɗi tsorona a fili. Abu irin wannan yana farawa da niyya mai kyau, sai lokacin siyasa ya zo a ɗauki hotunan a watsa a ce ga gazawar wane. Idan ciyaman ya ji ƙamshin haka, zai ce ma'aikatansa su janye, mu yi biyu babu. Ina ba da shawarar taswirar ta tsaya tsakanin kwamiti da sakatariya.

Ɗan Fadama: Honarabul, da girmamawa, a nan ne ba za mu daidaita ba. Idan ta tsaya tsakaninku, mun koma durowar da Baba Malam ya faɗa tun farko. Me ya sa gwamnati ta saki kuɗin kwashe gubar dalma a Bagega ta Zamfara? Saboda su Hamzat Lawal sun fara Follow The Money a 2012, suka fito da maganar duniya ta gani. Tracka ta BudgIT ma haka take yi, tana bin ayyukan mazaɓu tana wallafawa. Kuma tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a ba su kai tsaye. Ko hukuncin ya fara aiki yadda ya kamata ko bai fara ba, mu dai haƙƙinmu ne mu tambaya. Jinga ba sirri ba ce, a kanta muke tafiya kullum.

Honarabul Kansila: Ɗana, ban ce a ɓoye ba. Ni ma gidana na bayan jingar nan, mahaifiyata na ciki. Cewa nake a bi ta hanyar da ba za ta rufe mana ƙofa ba.

Maman Khadija: Ku bari in raba muku. Abu biyu ne kuke haɗawa. Hoton jinga da na turke, kowa ya gani, babu mutuncin wanda ya zube. Amma jerin da ni zan haɗa, na masu juna biyu da tsofaffi da marasa lafiya da za a fara ɗauka idan an ce ja, wannan ba zai shiga waya ko zaure ba. Yana cikin littafina, kwafi ɗaya wurin mai unguwa. Kuma kada wani yaro ya shiga gidan mutane yana ɗaukar hoto da sunan taswira.

Injiniya: Haka ne Anti. Akwai ma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Fom ɗin ba zai tambayi sunan kowa ba, wuri kawai.

Malam Hedimasta (admin): To bari in dawo kan kalmar da na ce a riƙe. Jami'i ya ce ba zai iya alkawarin buhu ba, amma zai iya dawowa ya faɗa mana inda takarda ta tsaya. Ni a ganina duk aikin nan a kan wannan ya rataya, fiye da manhaja da fenti. Na shekara da shekaru ina rubuta wa ofisoshi takarda kan rufin aji, kuma abin da ke kashe gwiwa ba a ce maka babu ba ne, shirun ne. Idan aka ce babu kuɗi, ka san za ka kira gayya, ka bi 'yan kasuwa da 'ya'yan gari na birni, ku sayi buhu da kanku tun da lokaci. Idan aka yi shiru, sai ka zauna jira har ruwa ya same ka. Don haka abin da nake nema daga sakatariya shi ne kowane ɗigo a taswira ya samu amsa a rubuce a ƙarƙashinsa: an gani, ko an zo an duba, ko an kai gaba, ko babu kuɗinsa bana ku yi da kanku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa. Mu ma mu ɗauki bakwai ɗin ga kore da ɗorawa. Ja kuwa, kwana ɗaya. Honarabul, a cikin kwana bakwan nan babu mai kai komai Facebook ko gidan rediyo da sunan zauren nan. Ɗan Fadama, idan suka wuce babu amsa, kwamiti zai buga taswirar a takarda, mu kai wa dagaci da hakimi, mu manna a allon sakatariya, daga nan kowa na da bakinsa. Kun yarda?

Honarabul Kansila: Na yarda Malam. Zan kai wa ciyaman da kaina, kuma zan nemi kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma ya ba mutum biyu daga cikinku kujera, ɗaya daga kowane gefen kogi.

Ɗan Fadama: Na yarda da bakwai ɗin. Amma amsar ta zama da sunan ofis, ba ta bakin Yaya Jami'i shi kaɗai ba. Gobe idan aka yi masa canjin wurin aiki fa? Sai mu koma farko?

Jami'in Sashen Ayyuka: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ta fi kare ni ma. Ku rubuto takarda daga ƙungiyar ci gaban gari zuwa ga ciyaman ta hannun Honarabul, ku nemi a ɗora wa sashenmu aikin a rubuce. Idan aka buga mata hatimi, duk wanda ya gaje ni zai tarar da ita a fayil. Kafin nan, abin da zan iya yi gobe shi ne in zo da tef da babur mu zaga tare.

Injiniya: Ni ma kada abin ya rataya a wuyana. Makullin shiga taswirar zai kasance wurin mutum uku: Baba Malam, sashen ayyuka, da wanda ƙetare suka zaɓa. Duk mako kuma a buga ta a takarda don waɗanda ba sa karatu a waya.

Hajiya Mai Shinkafa: Ina Kano amma ina jin ku. Ina da buhunan da aka juye a sito, zan aiko da su a motar kasuwa. Don Allah a cika su rabi ko sama kaɗan, kada a ɗure su, a jera su kamar bulo ana take kowane layi. Wanda aka cika tim ba ya kwanciya, ruwa na bi ta tsakani.

Ɗan Fadama: Allah ya saka Hajiya. Matasa na wuyana, zan tara su. Amma kuɗin data na masu turawa fa? Yaran nan ba su da shi.

Auta Mai Caji: A ajiye gwangwani a shagona, mai naira ɗari mai ɗari biyu. Zan rubuta a littafi, duk Juma'a in ɗauki hoton shafin in turo nan.

Maman Khadija: Saura abu ɗaya ba a taɓa ba. Idan an ce ja, ina za a nufa? Firamare kanta ruwa ya kewaye ta wancan karon, kuma banɗaki biyu ne ga gari guda, shi ya sa gudawa ta kama yara. A duba tudun filin idi, a sa shi a taswirar, a kuma tambayi sakatariya maganar ruwan sha da makewayi tun yanzu.

Jami'in Sashen Ayyuka: Hajiya, wannan na sashen lafiya ne da na ruwa da tsafta. Zan yi wa takwarana magana, amma ku sa shi a cikin takardar don ya zama a rubuce.

Malam Hedimasta (admin): Zan rubuta daftarin a daren nan in turo ku gyara. Gobe bayan sallar asuba a haɗu a gindin tsamiya. Injiniya ya taho da fenti, Ɗan Fadama da diga da shebur, Baba Sarkin Ruwa zai nuna inda za a haƙa. Na Ƙetare, idan dagacinku ya amince, jirgin Baba zai ɗauko yaranku da hantsi.

Na Ƙetare: In sha Allah. Turken namu wa zai kawo, ko mu nemo ƙarfe a can?

Auta Mai Caji: Akwai tsohon bututun famfo biyu a bayan shagona, tsayinsu ɗaya. A turo amalanke a ɗauka.